Ina neman kabarin kakana da ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan ja zance. Mahaifinmu shekararsa 82 yanzu, bai taɓa sa nasa mahaifin a ido ba. An ɗauke shi soja daga wani ƙauye a kudancin ƙasar Katsina, ya bar kakarmu da ciki wata biyar, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Abin da muka tashi muna ji kawai shi ne "ya tafi Bama". Har na yi wayo ina ɗauka Bama ta Borno ake nufi, ina mamakin abin da ya hana a hau mota a dubo shi, ashe ƙasar Bama ce ta nahiyar Asiya, wadda yanzu ake kira Myanmar.

Kakarmu, Iya Kulu, ta rasu ina aji biyu a sakandare. Har ta koma ga Allah ban taɓa jin ta kama sunansa ba, sai dai "mai gidan can na fari". An ce da aka haifi Baba dangi sun so su riƙa kiransa Talle, ta hana, ta ce ita ba ta ga gawa ba. Daga baya ta yi wani aure a wani gari, ta tafi da Baba, ya tashi agola, zumunci da dangin ubansa ya yanke. Laƙabin kakan namu kawai muka riƙe, Tanko.

Tun da Baba ya kwanta jinya bara ba shi da zance sai wannan. Ɗana ya ce a ƙasashen Turawa da takardun ƙidaya na da da rubutun kan kabari ake gano kakanni. To mu a ina ake samun takardun ƙidayar zamanin Turawa? Kuma wanda ya mutu a can, akwai yadda za a san kabarinsa?

Abu Sadik na Manchesta:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya. Ɗanki gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar nan ce, ba ta gida ba. A Ingila tun 1841 ake rubuta sunan kowane mutum da ya kwana a gida daren ƙidaya, da shekarunsa da sana'arsa. Sai a rufe takardun shekara ɗari, sannan a buɗe wa jama'a. Ta 1921 a watan Janairun 2022 aka sake ta. Amurka shekara 72 suke jira, ta 1950 ta fito a 2022 ita ma. Wata abokiyar aikina a asibiti ta nuna mini rubutun hannun kakan kakanta a takardar 1911, har da yawan ɗakunan gidan da 'ya'yan da suka haifa da waɗanda suka mutu. Sai da na ji wani iri a raina, don ni daga kan kakan babana zance ya ƙare.

Su ma ba su tsira daga asara ba. Takardun Ingila na 1931 gobara ta cinye su a 1942, a 1941 kuma ba a yi ƙidaya ba saboda yaƙi.

Ɗalibin Tarihi:
Hajiya kada ki sa rai da ƙidaya, zai fi miki sauƙi ki cire ta daga lissafi tun yanzu. An yi ta a 1911 da 1921 da 1931, sai 1952 a Arewa. Waɗancan na farko akasarinsu daga lissafin haraji aka tattaro su. Abin da aka buga kuma jimilla ce: gunduma kaza maza kaza, mata kaza, yara kaza. Bature ba ya neman ya san Tanko, yana neman ya san Tanko nawa ne za su biya. Na bayan mulkin kai kuwa kin san labarinsu, ta 1962 an soke, aka sake a 1963, ta 1973 ita ma an soke. Babu wani shafi da za ki shiga ki buga sunan kakanki ya fito daga ƙidayar Najeriya.

Inda ake samun sunaye shi ne wajen kuɗi da wajen shari'a da wajen soja.

Baba Mai Ritaya:
Yaro ya yi gaskiya. Ni na kama aiki a ƙarshen zamanin En'e, na bi malamin haraji ƙauye-ƙauye ina riƙe masa littafi. Yadda ake yi: hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya tara masu unguwanni, a shimfiɗa tabarma a gindin bishiya ko zauren dagaci. Mai unguwa yana kiran magidanta ɗaya bayan ɗaya, malam yana rubutawa. Sunan mai gida, sannan baligan maza da ke ƙarƙashinsa. Mace ba ta shiga da suna. Yaron da ya fara tasawa kuwa, ranar nan sai a tura shi gona ko gidan kawunsa a wani ƙauye, don kada a ce ya isa haraji. Na ga ƙaton saurayi da aka sa wa ɗan bante aka ce shekararsa goma sha biyu, ga gemu yana tsirowa. Fulani su ma haka, lokacin jangali sai rabin garke ya shige daji.

Saboda haka ko kin sami littafin, ba lallai kowa yana ciki ba. Amma mutum mai mata da gida kamar kakanki da wuya ya ɓuya.

Matsalar ita ce littattafan. Da Balarabe Musa da Abubakar Rimi suka soke haraji da jangali a jihohin Kaduna da Kano a 1979, lokacin Katsina tana cikin Kaduna, sai kowa ya ɗauka littattafan nan ba su da sauran amfani. A ofishin da na yi aiki, wani sito aka zuba su a ƙasa. Da na koma bayan shekaru ina neman wata takarda ta fansho, na ɗaga ɗaya sai ya zube kamar garin tuwo, gara ta gama da shi. Sauran kuma wai masu ƙosai sun kwashe. Ki gwada gidan dagacin garinku, ba ofis ba. Wasu gidajen sarauta suna da tsohuwar adaka da ba a taɓa buɗewa.

Bakano Ɗan Ƙwarai:
Wato tarihin wani gidan an naɗe ƙosan sisi da shi 😂 Allah ya kyauta. Baba ashe da ku aka riƙa bin kakanninmu da gudu.

Baba Mai Ritaya:
Ni littafi na riƙe ɗana, masu gudun dogarai ne. Kuma naku kakannin sun fi kowa iya ɓuya.

Gwaggon Yara:
Ni dai ban goyi bayan wannan tone-tonen ba. Tone-tone, kaza ta tono wuƙar yanka ta. A unguwarmu wani yaro ɗan boko ya tashi da neman asali, ya yi ta bin tsofaffi da rakoda, ƙarshe ya gano kakar kakarsu sayo ta aka yi. Shi bai ɗauke shi komai ba, ya je yana faɗa. Maganar auren ƙanwarsa da ake yi da wani gida sai ta bi ruwa, babu wanda ya ce ga dalili amma kowa ya sani. Abin da manya suka binne da hikima suka binne shi. Mamaci addu'a yake so, kuma addu'a ba ta neman adireshi.

Maman Ilham:
Gwaggo na ji maganarki, kuma ba ƙarya kika faɗa ba. Amma ni ba sarauta nake nema ba, ba kuma asalin wani nake tonawa ba. Tsoho ne a kwance yana cewa a faɗa masa inda ubansa yake. In na gano bawa ne, to bawa ne ya haifi ubana, me zan yi da shi ban da addu'a?

Ɗalibin Tarihi:
Gwaggo, laifin ba na yaron ba ne, na mutanen da suka fasa auren ne. Bauta a ƙasar nan ba ɓoyayyen abu ba ce. Dokar Lugga ta ce duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, amma ba a kashe bautar gaba ɗaya a dokar Arewa ba sai 1936. Jiya-jiya ke nan. Akwai rajistar bayin da aka 'yanta a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, da sunaye da ƙabila. Abin mamaki, bawa da aka 'yanta a gaban alƙali ya fi ɗa talaka samun sunansa a takarda. Idan kowa ya bi salsalarsa da gaske, da masu gorin asali sun ragu.

Gwaggon Yara:
Kai kana magana daga littafi, ni ina magana daga zaman gida. Ranar da aka fasa auren ƙanwarka ka zo mu ƙarasa.

Abu Sadik na Manchesta:
Mu koma kan buƙatar Hajiya. Ƙidaya ta fita, amma tambayarki ta biyu tana da amsa mai kyau. Akwai hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashe renon Ingila da suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, ki buga CWGC za ki ga shafinsu, kyauta ne. Ana neman mutum da suna, ko lambar soja, ko runduna, ko ƙasar da aka binne shi.

Mutanenmu runduna biyu suka je Bama, ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Ta 81 ta tashi a 1943, ta yi yaƙi da Japanawa a kwarin kogin Kaladan a 1944. Ta 82 ta bi baya a 1944, ta yi nata a yankin Arakan. A Janairun 1945 suka haɗu suka kama garin Myohaung. Akwai kuma bataliyoyi uku na Najeriya da aka ware aka haɗa da dakarun da ake kira Chindit, waɗanda aka sauke a bayan abokan gaba. Sunayen barikokinmu ma shaida ne: Chindit a Zariya, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Dodan da Arakan da Myohaung a Legas. Muna wucewa ta gabansu kullum ba mu san daga Bama aka kwaso sunayen ba.

Babbar maƙabartar ita ce Taukyan, arewa da birnin Yangon. An fara ta a 1951, aka kwaso gawawwaki daga maƙabartun fagen daga na Akyab da Mandalay da Meiktila da Sahmaw. Kabari sama da dubu shida ne a ciki, fiye da ɗari takwas ba a san masu su ba. A tsakiyarta akwai ginshiƙai da aka zana sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a sami gawarsu ba. Kaburburan can ba dogon dutse ake kafawa ba, ɗan allon tagulla ne a kan ɗan dakali: tambarin runduna, lamba, muƙami, suna, ranar mutuwa. Akwai kuma 'yan Afirka ta Yamma a maƙabartun Chittagong da Maynamati a Bangaladash, don nan asibitocin soja suke.

Abu Huzaifa:
Kafin a yi nisa, ya kamata a tuna wa juna. Hadisin Jabir yana cikin Sahihu Muslim, Annabi (SAW) ya hana a shafe kabari da farar ƙasa, ko a zauna a kansa, ko a yi gini a kansa. A ruwayar Tirmizi da Nasa'i akwai ƙarin hana rubutu a kansa. Shi ya sa maƙabartunmu ba ka ganin suna, sai tudun ƙasa da itace ko fasasshiyar tukunya. Yanzu kuma ana ta yabon allon tagulla na Nasara kamar wani ci gaba ne da muka rasa. Har na fara ganin mutane suna kafa allon ƙarfe a maƙabarta da suna da kwanan wata. A yi hattara.

Malam Na Zaure:
Malam Abu Huzaifa hadisin da ka kawo haka yake. Sai dai a cika zancen. A cikin Abu Dawuda, da aka binne Usman ɗan Maz'un, Annabi (SAW) da kansa ya ɗauko dutse ya ajiye wajen kansa, ya ce don ya gane kabarin ɗan'uwansa da shi, ya binne wanda ya rasu cikin iyalinsa kusa da shi. Ke nan sa alama don a gane kabari yana da asali. Rubutu ne aka yi saɓani a kai. Hakim ya inganta hadisin hanin, sannan ya ce aiki bai gudana a kansa ba, don malaman Musulmi gabas da yamma akwai rubutu a kaburburansu. Zahabi ya mayar masa da cewa wannan abu ne da aka ƙirƙiro daga baya, hanin bai isa gare su ba. Malikawa karhantawa suke yi, ayar Alƙur'ani kuwa an fi tsanantawa saboda gudun wulaƙanta ta. Wasu Hanafawa sun sauƙaƙa idan don kada kabarin ya ɓace ne.

Amma duk wannan ba shi ne gaban Hajiya ba. Ba ta tambaya ko ta rubuta ba. Wasu ne suka rubuta shekara saba'in da suka wuce, ita karantawa za ta yi. Wa ya hana karatu?

Abu Huzaifa:
Allah gafarta Malam, ban ce ta yi laifi ba. Tsoron da nake yi kada a tashi daga karatu a koma kwaikwayo. Kuma in an gano, sai a ce za a ɗaura niyyar tafiya ziyarar kabari har Bama.

Bakano Ɗan Ƙwarai:
Malam kwantar da hankalinka, tun juyin mulkin 2021 ƙasar take cikin yaƙi, ko kyauta aka ba Hajiya tikiti ba ta zuwa.

Malam Na Zaure:
Hajiya akwai wata ƙofa da ba a ambata ba. Kin ce kakarku ta sake aure. Matar da mijinta ya ɓace ba ta ɗaura wani aure haka kawai, sai an bi ta gaban alƙali, ko dai a yi mata hukuncin matar wanda ya ɓace da jiran da shari'a ta ɗora, ko a raba auren saboda rashin ci da sha, ko kuma labarin mutuwa ya tabbata ta yi takaba. Kowanne aka yi, in a kotu ne, akwai littafi, kuma alƙali ba ya rubuta laƙabi kaɗai, sunan yanka yake nema da sunan uba. Haka rabon gado: ana jera magada da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, har da mata, abin da littafin haraji ba ya yi. Da Larabci ake rubuta su, wani lokaci da ajami. In kin samu ki turo mini hoto in karanta miki.

Ɗalibin Tarihi:
Wannan shawara ta Malam ta fi duk abin da na faɗa. In ƙara da abu ɗaya game da Kaduna. An jera fayilolin ne lardi-lardi, KANOPROF, ZARPROF, KATPROF, SOKPROF, sai na ofishin sakataren Arewa. Katsina tana da rikici kaɗan: da tana cikin lardin Kano, a 1926 aka mayar da ita lardin Zariya, sai 1934 ta zama lardi mai zaman kanta. Ke da kike neman shekarun yaƙi, KATPROF za ki fara da shi. Ki nemi rahoton gundumarku da fayilolin ɗaukar soja da na kuɗin da ake biyan iyalan soja. Ki leƙa cibiyar tarihi ta Arewa House ma tunda a gari ɗaya suke.

Sannan ki buɗe zuciyarki ga wani abu. Daga 1942 zuwa 1944 an kwashi dubban mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, abin da ake kira ɗiban gwamna. Sanyi da yunwa da cuta sun kashe da yawa. A ƙauye, wanda hakimi ya sa aka tafi da shi a mota, ba kowa ke bambance soja aka kai shi ko kuza ba. Ki tabbatar an gan shi da kaki.

Maman Ilham:
Na shiga shafin da Abu Sadik ya faɗa tun bayan isha'i, ga shi har ƙarfe ɗaya. Jama'a na yi kuka. Sunaye ne irin na gidajenmu jere, Audu, Garba, Musa, Umaru, kowanne da sunan gari a bayansa, wasu shekara ashirin, wasu ko shekarun ba a sa ba. Amma ban ga nawa ba. Na buga Tanko Katsina ta kowace fuska.

Abu Sadik na Manchesta:
Kada ki karaya, nan aikin yake. Mai rubutawa Bature ne ko akawu ɗan kudu, abin da kunnensa ya ji yake sawa. Muhammadu yakan zama Momo ko Mama ko Momadu. Garba ya zama Garuba, Audu ya zama Awudu, Ibrahim ya zama Braima. Katsina kanta a tsofaffin takardu Katsena ake rubutawa, Borno kuma Bornu. Sunan garin ma ba dole ne na haihuwa ba. Wani garin da aka rubuta shi soja ake maƙala masa, wani babban birnin da ya san Bature zai gane yake faɗa, wani kuma da gangan yake sauya suna don gudun gida ya yi. Mutanen Chadi da yawa Banana aka sa musu. Ki bar akwatin suna na biyu, ki nemi na farko kaɗai cikin rundunar Najeriya, ki bi su ɗaya-ɗaya. Lambobinmu da NA suke farawa, na Gana da GC. Ki duba har da rukunin 'yan dako, don runduna ta 81 a ka aka ɗaukar mata kaya cikin daji, kuma su ma sojoji ne masu lamba. A ƙasan wasu sunayen akwai ƙarin bayani: ɗan wane, mijin wance, ta gari kaza. Wannan layin shi ne zinariyar.

Gara ma yaƙi na biyu. A 2021 hukumar da kanta ta fitar da rahoto ta amsa cewa a yaƙi na ɗaya aƙalla mutum 116,000, akasari 'yan Afirka da Masar, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba, adadin ma yana iya kaiwa 350,000. Har gwamnatin Ingila ta ba da haƙuri a majalisa.

Hajiya 'Yar Zango:
Sannunku daga Kumasi. Ni takarda ba ta taɓa yi mini rana ba, tsohuwa ce ta yi. Kakanmu fataucin goro ya kawo shi nan. Da Busia, firaministan Gana na lokacin, ya kori baƙi a 1969 gidanmu ya rabu biyu, wasu suka tafi Najeriya da 'yan takardun da ake da su, mu muka zauna. Abin da ya haɗa mu bayan shekara talatin, tsagar fuskar kakanmu ce da wata tsohuwa ta kwatanta ta ce ta Gobirawa ce, da kirarin da take yi masa in tana daka. Cikin kirarin sunan garin yake.

'Yar'uwa ki bar waya ki shiga mota. Kin ce zumunci ya yanke, ba ki ce dangin sun ƙare ba. Kuma in kin sami tsohuwa kada ki ce mata wace shekara, ba ta san wannan ba. Ki ce wane sarki ke kan gado, kafin yunwa kaza ne ko bayanta, wa aka haifa a daminar. Kada ki je da biro da takarda kamar 'yar sanda. Ki kai goro da turare da sabulu, ki kwana, da dare zance ke fitowa.

Baba Mai Ritaya:
Haka ne. Ko ma'aikatan ƙidaya da jerin abubuwan tarihi suke yawo don gane shekarun tsofaffi. Namu na da su ne zuwan Turawa Kano 1903, yunwar Kakalaba 1914, saukar jirgin sama na farko a Kano 1925, zuwan Sarauniya 1956. A ƙasar Katsina babbar alama ita ce rasuwar Sarki Dikko a 1944, Usman Nagogo ya hau. Ki tambaya da wannan.

Maman Ilham:
Salamu alaikum, na dawo. Ku gafarce ni kwana tara shiru. Na bi shawarar Hajiyar Kumasi, ni da ƙanena muka je ƙauyen. Gidan dagaci babu littafi, an ce rufin soron ya taɓa ruftawa da damina, komai ya jiƙe. Amma dagacin ya sa yaro ya raka mu wani ƙauye gaba kaɗan, wai akwai ƙanwar kakanmu da rai. Ban yarda ba sai da na gan ta. Ta haura casa'in, ba ta gani, amma kanta garau. Da aka ce mata jikokin Tanko ne sai ta kama fuskar ƙanena tana shafawa, ta ce goshin gidansu ne.

Ba ta ce komai ba sai bayan mun ci tuwo. Ta ce tana 'yar talla lokacin. Hakimi aka ce ya kawo mutum kaza, dagaci ya zo gidansu don su maza huɗu ne. Ubansu ya so a ɗauki wani, Tanko ya ce shi zai je. Ya dawo sau ɗaya da kaki da jar hula, ya kawo mata ɗan madubi, ya kwana uku ya koma. Ke nan ba kuza ba ce, Ɗalibin Tarihi. Ta ce da shekara guda aka yi rasuwar Dikko bayan haihuwar Baba. Sunansa na yanka Muhammadu. Kuma wani abokin tafiyarsa da ya dawo bayan yaƙi ya faɗa wa ubansu cewa a bariki ba a san shi da Katsina ba, Zariya ake kiransa, don can aka rubuta su. Shi ne ya ce ciwon ciki ya kashe shi, ba harsashi ba. Uban ya ƙi faɗa wa Iya Kulu har sai da ta yaye Baba.

Na koma shafin da wannan. Na sami biyu da za su iya zama shi. Ɗaya yana da kabari, ya rasu a 1944, ba a rubuta komai game da iyalinsa ba. Ɗayan sunansa kawai ke jikin ginshiƙi, an sa mijin Hawa, ba a faɗi gari ba.

Bakano Ɗan Ƙwarai:
Inna lillahi. Duk wannan wahala ashe Bazazzagi za a tono mana. Gwaggon Yara ta faɗa ba ku ji ba 😂 Wasa nake Hajiya, wallahi har na yi ƙwalla wajen madubin nan.

Abu Sadik na Manchesta:
Kulu ai Hauwa ce! Amma a yi a hankali, Hauwa ta yi yawa a ƙasar Hausa. Kuma wanda ciwo ya kashe a asibiti ya fi yiwuwa a ce yana da kabari, wanda ya faɗi a daji ne ake rasa gawarsa. Ke nan kowannensu yana da hujja ɗaya. Turo mini lambobin biyu da bataliyarsu ta akwatin sirri. Littattafan da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum suna ma'ajiyar Kew a Landan. Ba kasafai suke kama sunan farabiti baƙar fata ba, amma za su nuna inda bataliyar take a ranar da kowannensu ya rasu. In kin san bataliyar abokin nan nasa da ya dawo, an gama. Jikokinsa su duba ko littafin sallamarsa ko lambobin yabonsa suna nan, lambar soja tana jikin littafin.

Gwaggon Yara:
To alhamdu lillahi da abin ya zo da sauƙi. Ni dai ina nan kan bakata, ba kowa ke dacewa haka ba. Amma ku koma wa tsohuwar nan da Baba in zai iya zama a mota, kada ku ce sai ya warke.

Maman Ilham:
Gwaggo ranar Asabar in sha Allahu, mun riga mun nemi mota mai shimfiɗa. Gidan abokin nasa ma an kwatanta mana, jikansa yana sayar da taki a kasuwar garin.

Na nuna wa Baba duka biyun a waya. Na ce masa ba mu tabbatar ba tukuna. Ya ce a sa su duka a addu'a, wanda ba nasa ba ai shi ma uban wani ne ko ɗan wani. Sai ya ce in ƙara girman hoton allon. Baba bai yi boko ba, idonsa ma ya yi rauni, amma ya riƙe wayar ya fi minti goma. Da ya miƙo mini ya tambaya wai bishiyar da ke jikin tambarin giginya ce ko dabino. Na ce kwakwa ce. Ya ce a'a, in sake dubawa.

Abu Sadik na tura maka lambobin. Malam, in mun sami littafin kotun zan turo.